Makwakkwafi a Bayan Gida: Sanin Tsuntsu Kafin Ɗaukar Hotonsa



A cikin shekarar 1935, Arthur Allen na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka shiga wani daji a jihar Luwiziyana ta Amurka, suka ɗauko hotunan wani ƙaton makwakkwafi mai farin baki kamar hauren giwa. Daga baya aka sare dajin, kuma gani na ƙarshe da masana duka suka amince da shi ya auku ne a 1944. A 2004 aka ɗauki wani gajeren bidiyo a jihar Akansas, aka ce ai shi ne, amma saboda hoton ya fito dishi-dishi, sai masana suka yi ta jayayya ba tare da sun daidaita ba. Ashe hoton tsuntsu shaida ne, kuma shaidar da ba ta fito sarai ba, ba ta yanke hukunci.

To, mu ma muna da namu. Makwakkwafi mai tokan kai, wanda ake samu tun daga Sanagal har Sudan, yana shigowa lambuna da bayan gidajenmu. Tsawonsa kamar santimita 20 ne, bayansa kore-kore, namijin kuma yana da jan tambari a ka. Wanda yake son hotonsa, wajibi ne ya fara sanin halinsa, gama daga halin tsuntsu tsarin hoto yake fitowa.

Da farko, makwakkwafi ba ya zama a kan reshe kamar kurciya. Maƙalewa yake yi a jikin itace a tsaye, yatsu biyu gaba, biyu baya, ya dogara da ƙaƙƙarfar jelarsa. Saboda haka a juya kyamara a tsaye, don kai da jela su shigo duka. Wanda ya yanke jela ya ɓoye rabin labarin yadda tsuntsun yake hawa.

Na biyu, kada a dasa shi a tsakiya. A raba fuskar hoton gida uku a zuci, a sa gindin itacen a gefe ɗaya, idon tsuntsun kuma ya faɗi kusa da layin sama. Idan ya juya kai yana duban waje, a bar masa fili a gaban bakinsa. Ido kuwa shi ne ran hoto: in ya fito tas, an yafe sauran.

Na uku, a dubi abin da yake bayansa. Yawancin masu koyo sukan tsaya a gindin bishiya su ɗaga kyamara sama, sai hasken sararin samaniya ya mai da tsuntsun baƙin inuwa. Gara a ja da baya, a nemi inda ganyen mangwaro ko darbejiya mai nisa zai zame masa bango, rana kuma tana bayan mai ɗauka. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana.

Na huɗu, lokaci. Kansa yana da sauri ƙwarai sa'ad da yake sara, don haka ƙiftawar kyamara kada ta wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. In haske bai isa ba, a jira: yakan sara, ya tsaya, ya saurara. Kuma idan ya zagaya bayan itace, a auna sama kaɗan, domin galibi can zai ɓullo.

Daga ƙarshe, jama'a, akwai haƙƙin tsuntsun. Kada a matsa wa ramin da yake kiwon 'ya'yansa. Busasshen reshen nan kuma da muke hanzarin sarewa don itacen girki, a cikinsa yake samun tsutsa, a cikinsa yake haƙa gida. In ba zai faɗo wa kowa ba, a bar masa. A rubuta rana da wurin da aka ɗauki kowane hoto, gama wata rana jikokinmu za su nemi sanin tsuntsayen da suka zauna tare da mu.