Ƙwayar Gado ta Jin Ƙanshi da Lafiyar Jiki

Jama'a, kowa ya san da hanci ake jin ƙanshi da wari, amma ba kowa ya san yadda abin yake aukuwa ba. A shekarar 1991 wasu masana biyu na ƙasar Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano ƙwayoyin gado waɗanda ke ƙera 'yan tarkunan da ke kama ƙanshi a cikin hanci. Saboda wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2004. Ɗan'adam yana da kimanin 400 masu aiki daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, ɓera kuwa yana da wajen 1,000.

To, abin mamaki shi ne, ba a hanci kaɗai suke aiki ba. Akwai ɗaya da ake kira OR51E2, wadda mazauninta ke kan zaren gado na 11, ba nisa da ƙwayar da ke haddasa ciwon sikila, ko da yake maƙwabtaka ce kurum. A shekarar 2000 aka same ta tana aiki a furostat, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, aikinta kuwa yakan ƙaru ainun idan ciwon daji ya kama wurin.

A nan ne magana ta rabu biyu. A 2009 masana a birnin Bokum na Jamus suka zuba wa ƙwayoyin dajin wani sinadari mai ƙanshin fure, suka ga yaɗuwarsu ta ragu a ɗakin bincike. Daga baya wasu a Faransa suka gwada a jikin ɓeraye, sai suka ga sinadarin yana iya taimaka wa dajin ya bazu. Saboda haka duk mai tallar turare da sunan maganin daji, a guje shi.

Haka kuma a 2013 aka nuna cewa takwarar wannan ƙwaya a ƙodar ɓera tana sansano abin da bakteriyar hanji ke fitarwa, ta shiga sha'anin hawan jini.

Gwajin da asibitoci ke yi wa maza na jini ne, ana kiransa PSA. Magidancin da ya haura shekara 50, ko yake fama da wahalar fitsari, ko ciwon ya taɓa kama mahaifinsa, ya garzaya wurin likita.