Tsofaffin Mundaye a Gabashin Sakkwato: Dukiyar Mata da Shaidar Fatauci



Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihin Wurno da Rabah da Goronyo, ribaɗi da sarauta da malanta ake fara tunawa. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Wannan takarda tana jawo hankali ne ga wata shaidar da ke ɓoye a adakar tsofaffi, wato mundaye da awarwaro. Abin da aka ƙera su da shi yana nuna da wa kakanninmu suka yi ciniki, da kuma yadda mace ke adana abin hannunta.

Zamanin tagulla da ƙarau

Jan ƙarfe ya daɗe yana shigowa ƙasar Hausa ta hamada. Tun a 1353 matafiyi Ibn Battuta ya ga cinikinsa a Takedda, yammacin Agadas. Maƙeran fari kan siffanta munduwa da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake ciro ta, shi ya sa da wuya a sami biyu iri ɗaya sak. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, garin yana kan hanyar fatake tsakanin Katsina da Sakkwato. Daga kudu kuwa, masu aikin gilas na unguwar Masaga a Bida sun shahara da ƙarau masu launi.

Zamanin azurfa

A ƙarni na 19 azurfa ta samu ne galibi daga kuɗin waje, musamman dalar Mariya Tareza ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wadda maƙera ke narkarwa. Sulallan da Turawan Ingila suka fito da su a 1913 ma na azurfa ne, sai daga 1920 aka mayar da su na gaurayen tagulla. Munduwar azurfa ado ce, kuma asusu ce: ana ba amarya, ana jinginar da ita lokacin fari, 'ya ta gada daga uwa. A mazhabar Malikiyya ma babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa.

Zamanin zinari da kayan kanti

Da arzikin man fetur ya zo a shekarun 1970, alhazai suka riƙa dawowa da awarwaron zinari daga Makka, daga baya Dubai ta karɓe kasuwa. Mai ƙaramin ƙarfi ta koma ga na roba da na ruwan gwal. Munduwa mai nauyi ta zama kayan tsofaffi, maƙerin fari ya rasa almajirai.

Halin da ake ciki

Rashin tsaro ya raba iyalai da yawa na wannan yanki da ƙauyukansu. Wadda ta yi gudun hijira ba ta da laifi idan ta sayar da gadonta don ciyar da 'ya'ya. Abin baƙin ciki shi ne bisa sikeli ake saye, a narke, zanen da labarin su tafi tare.

Shawarwari

Na farko, ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman mata da za su iya shiga cikin gida, su ɗauki hoton kowace munduwa, su auna ta, su rubuta wa ya ƙera da wa ya gada, su bar wa mai ita kayanta.

Na biyu, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ta samu kuɗin sayen waɗanda za a sayar, a kan farashin da ya ɗara na mai narkarwa.

Na uku, hakimai su taimaka a gano sauran maƙeran fari a naɗi bayaninsu tun suna raye.

Tsofaffin da suka san asalin kayan nan suna ƙarewa, don haka a fara aikin a bana.