Gasar Wasan Gem ta Ɗaliban Manyan Makarantu: Ina Ruwan Malamin Firamare?



Mai girma Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa,

An ɗora mana alhakin gabatar wa wannan zaure wata shawara da muka san za ta sa wasu ɗaga gira: reshenmu ya tsaya wa ɗaliban manyan makarantun yankinmu su shirya gasar wasan gem, ido da ido, a zaure ɗaya, da rana tsaka. Muna roƙon a saurare mu zuwa ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Babu ɗayanmu da bai san gidan gem ba. Mun san shagon nan mai labule, da talabijin biyu ko uku, da janareta yana ruri a bakin ƙofa. Mun ga yaron aji biyar yana gyangyaɗi a darasin farko, da aka bincika sai aka tarar kuɗin tararsa a can suke ƙarewa. Mun yi faɗa, mun kira iyaye, shagon bai rufe ba. Da muka leƙa ciki kuwa, waɗanda ke riƙe da madannin wasan samari ne da suka bi ta hannunmu shekaru goma da suka wuce, ƙannensu na tsaye a bayansu suna kallo da koyo. Abin da babba ya yi a ɗakin nan, shi ƙarami zai kawo mana aji gobe. Wannan shi ne ruwanmu a cikin maganar.

Yankinmu ba baƙon na'ura ba ne. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Jihar Jigawa da aka fi sani da Informatics. A Ɓaɓura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka amince da kafa ta a 2021. Ɗaliban waɗannan makarantu suna buga ƙwallon gem irin su eFootball da EA Sports FC, wanda kafin 2023 ake kira FIFA. Su ma ba su suka fara ba: tun a 1972 ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka suka yi gasar wani wasan kwamfuta mai suna Spacewar. A wasannin nahiyar Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023, har lambobin yabo aka raba a wannan fanni. Haɗarin ma gaskiya ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. Iyayenmu ba su hana dara da langa ba; sun ware musu lokaci da dandali, inda idon manya ke kaiwa. Abin da muke nema ke nan.

To, yaya za a tsara ta?

Na farko, izini. Ɗalibai su rubuta wa ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantar da za ta karɓi baƙunci, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. A zaɓi ranar Asabar bayan kammala jarrabawa, don kada gasa ta ci lokacin karatu. Kowane ɗan wasa ya nuna katin shaidar makarantarsa.

Na biyu, lissafi. Idan aka ɗauki 'yan wasa 32 a tsarin sili ɗaya ƙwale, wasanni 31 za a buga: 16 a zagayen farko, sai 8, sai 4, sai 2, sannan na ƙarshe. Da talabijin huɗu, aka ba kowane wasa minti 20 har da canjin zama, zama tara za a yi, wato awa uku. In aka fara da ƙarfe tara na safe, an tashi kafin Azahar, ba wanda zai ce gasa ta hana shi salla ko ta kai shi dare a hanyar Gwiwa ko Roni. A jefa ƙuri'ar haɗa abokan karawa a gaban kowa, a rubuta jadawalin a allo.

Na uku, doka a rubuce tun kafin ranar. Tsawon wasa iri ɗaya ga kowa. In an tashi canjaras, bugun fenareti. In wuta ta ɗauke, a ci gaba daga sakamakon da alƙali ya rubuta. Wanda ya yi zagi ko ya jefar da madanni, ya fita. A tanadi janareta ko sola, domin rigakafi ya fi magani. Ɗalibai mata masu sha'awa a ware musu nasu zaman, malamai mata na kula.

Na huɗu, kuma shi ne ƙashin bayan shawarar, maganar kuɗi. Malaman addini sun karantar da mu cewa idan masu takara suka zuba kuɗi, wanda ya yi nasara ya kwashe, to caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Saboda haka babu kuɗin shiga da zai koma kyauta, babu sa kuɗi a kan wani ɗan wasa. Kyauta ta fito daga hannun wanda ba ya cikin takara: mai kishin gari, ko tsohon ɗalibi, ko ɗan abin da mu malamai za mu iya haɗawa. Littafi da takardar yabo sun wadatar. Mun san halin aljihun malamin firamare, ba mu zo neman a taɓa asusun ƙungiya ba.

Na biyar, aikin na ɗalibai ne. Su za su rubuta wasiƙa, su tsara kasafi, su yi alƙalanci, su kawo bayanin abin da aka kashe. Namu shi ne mu zauna a gefe, kamar yadda muke yi ranar wasannin makaranta. Saurayin da ya koyi miƙa hannu ga wanda ya doke shi a gaban jama'a, ya ɗauki darasin da allo ba ya koyarwa.

Wani zai ce muna buɗe ƙofar shiririta. Tsoron nan muna da shi mu ma, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma ƙofar a buɗe take tuntuni, babu mai gadi. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko a bar 'ya'yanmu da ita bayan labule tare da 'yan caca, ko a fito da ita fili da doka da lokaci. In aka gwada sau ɗaya muka ga ɓarnarta ta rinjayi amfaninta, mu ne za mu fara tashi a nan mu ce a daina.

Roƙonmu ga wannan zaure shi ne a naɗa malami ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, su gana da shugabannin ɗalibai, su kawo mana rahoto a zama na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa albarka a aikinmu.