Kafin a Ɗaure Kaya: Zaɓen Unguwa da Masauki a Baƙon Gari

  Ina gaida masu saurarenmu na Jibiya da Magama da Daddara da Batsari da birnin Katsina, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi. 

Yau maganar tafiya za mu yi. Na san wata za ta ce, to mu da muke cikin kulle, ina ruwanmu da zancen masauki, ai aikin maza ne. Tsaya ki ji, 'yar uwa. Idan aka sauka a baƙon gari, maigida da ya karya kumallo zai saka takalminsa ya fita wajen abin da ya kawo shi, sai yamma. Wa ake bari a ɗaki? Ke. Ke za ki wuni a wurin, ke za ki nemi ruwan alwala, ke za ki kewaya, ke za ki rarrashi yaro idan zafi ya dame shi. Tun da ke ce mai zaman ɗakin, ya kamata a ji ta bakinki tun kafin a kama shi.

Zan yi misali da Maraɗi, domin ita ce babban garin da matan yankinmu suka fi ƙetarawa zuwa cikinsa. Daga Katsina zuwa can bai cika kilomita 100 ba. A bi ta Jibiya, a tsaya Magama wajen jami'anmu, a shiga Ɗan Isa wajen na Nijar, sai Maraɗi. Kuma ba baƙin juna ba ne mu da su. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da ya fita shi ne ya je ya kafu a can ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu. Ga auratayya, ga biki da suna da ta'aziyya, ga masu zuwa ganin likita, ga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a jami'o'in garin, kamar Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013.

Magana ta farko, kuma ita ce uwar sauran: unguwa ake fara zaɓa, sannan ɗaki. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Ɗaki mai kyau a unguwar da ba ta dace da buƙatarki ba, wahala ce aka shimfiɗa wa zanen gado. Don haka ki fara tambayar kanki, me zai kai mu garin nan?

Idan jinya ce, kusa da asibiti za a nema, inda ko cikin dare za a iya kai mara lafiya ba tare da neman abin hawa ba, inda kuma za a iya dafa masa ɗan kunu a kai da zafinsa. Idan sayayya ce, kamar kayan ɗakin 'ya, to kusa da babbar kasuwa ya fi sauƙin jigila, sai dai a san cewa Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi take ci, ranakun nan akwai cunkoso da hayaniya, kuma masauki yakan yi wuyar samu ga wanda bai nema da wuri ba. Idan biki ne ko gaisuwa, kusa da gidan da ake taron, don kada ki riƙa ratsa gari a bayan kabu-kabu da tsakar dare.

Tsofaffin unguwannin Maraɗi, irin su Bagalam da Limanci da 'Yan Daka da Maradawa da Ɗan Gulbi, suna wajen fadar sarki. Zama ne irin namu na gargajiya, gida da zaure, maƙwabta sun san juna, mace ba za ta rasa wadda za ta leƙo ta ce mata sannu ba. Sababbin unguwanni kuma, irin su Ali Ɗan Tsoho da Zariya, sun fi fili da sababbin gine-gine, amma kowa da ƙofarsa a rufe, kuma akwai 'yar tazara zuwa tsakiyar gari. Kowace da amfaninta, abin da ya kai ki shi zai raba gardama.

Sannan a duba lokacin shekara. Garin Maraɗi na asali a kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe shi aka mayar kan tudu. A daminar 2024 ma jihar Maraɗi tana cikin wuraren da ruwa ya fi yi wa ɓarna a Nijar, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. To idan da damina za a je, a tambaya: unguwar tudu ce ko kwari? Ginin siminti ne ko na ƙasa? Idan kuma da bazara ne, tambayar ita ce wuta da ruwa. In an ɗauke wuta akwai janareto ko sola? In famfo ya ƙafe akwai tanki ko randa?

Yanzu sai shi kansa masaukin. Iri uku ne muka sani.

Na farko gidan 'yan uwa. Shi ya fi rufin asiri, kuma zumunta a ƙafa take. Amma a yi sallama tun daga gida. A kira waya, a faɗi mutum nawa ne za su zo da kwana nawa za su yi. Kada a faɗo wa mutane da yara biyar ba sanarwa, a sa uwargida ta kwashe 'ya'yanta ta kai su ɗakin kishiya tana murmushin dole. A tafi da 'yar tsaraba da ɗan abin cefane. Baƙo raɓa ne, idan aka ce kwana uku, to a tashi a kwana ukun.

Na biyu gidan fatoma, wato maigidan da ke saukar da fatake. Tsohuwar al'adarmu ce, da ita Hausawa suka kafa zango a Kumasi da Akara da unguwar Sabo ta Ibadan. Fatoma yana ba baƙo wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Yana da amana, amma wurin maza ne. Idan can maigida ya saba sauka, ki tambaya ko iyalin mai masaukin suna cikin gidan, kuma ko za a shigar da ke wajensu. Idan ɗakunan zaure ne kawai da fatake ke kwana, ba wurinki ba ne.

Na uku hotal, ko gidan saukar baƙi. Na san da yawanmu da mun ji sunan sai gabanmu ya faɗi, don an ɗauka duk wurin banza ne. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai na mutunci da iyalai da ma'aikata ke sauka, akwai kuma wanda ko ƙofarsa bai kamata ki bi ba. Yadda ake rarrabewa shi ne tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Akwai mashaya a ciki? Ana kiɗa da dare? Ana ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu? In amsar e ce, a wuce gaba komai arahar wurin. Araha ba ta ado.

Ga tambayoyi biyar da nake so ki riƙe, ko ki sa yaro ya rubuta miki.

Ɗaya, makewayi. A cikin ɗakin yake, ko na haɗaka ne da sauran baƙi? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace mai kunya takan ƙi shan ruwa, ta riƙe fitsari wuni guda don kada ta ratsa maza a baranda, ta dawo gida da ciwon mara. Mai ciki da mai jego da mai ciwon suga ba za su iya wannan ba.

Biyu, ƙofa da taga. Akwai sakata ta ciki? Tagar tana da labule da raga? A tafi da gidan sauro ko da an ce akwai.

Uku, akwai mace a wurin, ko cikin ma'aikata ko matar mai gidan, wadda za ki iya kira idan wani abu ya taso maigida ba ya nan?

Huɗu, abinci. Ana yarda a dafa? In ba a yarda ba, ina ake sayowa, kuma wa zai kawo?

Biyar, kuɗi. Farashin na ɗaki ne ko na kowane mutum? Ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki? A gama magana kafin a sauke kaya. A nan sai an kula, domin lissafin sefa ba irin na naira ba ne. Da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In an ce miki dala ashirin, sefa 100 ke nan, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Wanda bai san wannan ba zai yi ta gardama a kan abin da ba a cuce shi ba, ko a cuce shi bai sani ba.

Yaya za ki kawo wa maigida maganar? Ba da tsiya ba, kuma ba a ranar tafiya ba. Bayan ya ci abinci ya huta sai ki ce, “Alhaji, wurin da za mu sauka ɗin nan, don Allah a tambaya mana ko makewayin yana ciki, ka san yanayin da nake.” Ko ki ce, “Malam, ko za a kira Yaya ta duba mana wurin kafin mu taso?” Mafi yawan maza ba mugunta ke sa su kama wurin da bai dace ba, su gado da fanka kawai suke dubawa. Tunatarwa ce aikinki.

Sai maganar hanya, domin ita ke sa a kwana inda ba a shirya ba. Iyakar nan tamu ta sha rufewa. An rufe ta a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka kada a dogara da yadda aka saba da can. A tambayi direbobin tasha ko wanda ya dawo cikin makon, wace takarda ake nema. Ki riƙe taki takardar shaida da katin rigakafi a jakarki, domin a hotal ma sai an rubuta sunan baƙo. Ki rubuta sunan unguwa da lambar mai masauki a takarda, kada ki bar su a waya kaɗai, layinmu yakan ɗauke idan an yi nisa da iyaka. Kuma a yi sammako. Duk mun san halin tsaron da yankin nan ya shiga a shekarun nan, ta ɓangarenmu da nasu. A lissafa tafiya yadda la'asar za ta same ku a masauki.

Wannan ma'auni bai tsaya a Maraɗi ba. Wadda Allah ya kira Makka, tambayarta ta farko ita ce nisan masauki da Harami. Unguwar Misfala, inda mutanenmu suka daɗe suna sauka, ana iya takawa daga sassanta, amma Aziziyya sai da mota. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, wannan bambanci shi ne tsakanin sallar jam'i da zaman ɗaki.

Haka wadda za ta raka miji ko ɗa jinya ko bikin kammala karatu a Turai. A Landan ɗakin da ke bayan gari ya fi araha, amma kuɗin jirgin ƙasa na kullum zai cinye rarar. Wajen titin Edgware akwai gidajen abincin halal da yawa, babban masallacin Regent's Park ma ba shi da nisa, unguwar Peckham kuma cike take da 'yan Najeriya da kayan miyarmu. Faris an raba ta gunduma 20, kuma a ta 18 ne kasuwar Château Rouge take, inda 'yan Afirka ke cefane. Sai dai ki sani, tun watan Afrilun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, Beljiyam ma ta yi irinta a shekarar. Hijabi bai shiga ciki ba a kan titi, niƙabi ne aka hana. Mai sa niƙabi ta san wannan tun kafin a yanki tikiti. Kuma ki saka 'yar butarki a akwati, makewayin hotal ɗinsu takarda ce kawai a ciki.

To 'yan uwa, kulle mutunci ne idan an tanadar wa mace abin da take buƙata a inda aka ajiye ta, ko a gida ko a baƙon gari. Idan babu ruwa, babu makewayi, babu wadda za ki kira, wannan ba kulle ba ne, takura ce, kuma tambaya biyar tun daga gida tana maganinta. Iyaye mata, idan za a tafi da 'yarku, ku ma ku tambaya. Wadda kuma ta sauka a wuri mai kyau, ta riƙe sunan unguwar da lambar wurin ta faɗa wa maƙwabciyarta, gobe ita ma za ta amfana.

 Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.