Wayar da Ke Bin Sawun Ma'aikaci, da Haƙƙin da Ke Biyo Baya



A da, littafin sa hannu ne shaidar zuwa aiki, kuma duk mun san yadda ake yi da shi: aboki ya rattaba maka hannu da ƙarfe takwas, kai kuwa kana kasuwa. To, ina ga wanda ba shi da ko tebur, kamar direba, malamin gona ko mai raba takardar kuɗin wuta?

Yanzu waya ce ke bin sawunsa, kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. Lokacin yaƙi da cutar shan-inna a Arewa, an riƙa ba masu ɗiga wa yara magani wayoyi masu GPS. Wayar na cikin jaka, tana rubuta duk inda aka taka. Da yamma a karɓe ta, a ɗora sawun a kan taswira, sai ga unguwar da aka bi gida-gida, ga kuma rugar da aka tsallake. Wannan dabara na cikin abin da ya kai mu ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka yi shelar kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Sai dai waya sawun ƙafa kawai take gani; ko maganin ya shiga bakin yaro, wannan sai mai duba aiki.

Ta fuskar albashi kuwa, Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS a 2007. A 2016, da aka gwada sunaye da lambar banki ta BVN, an cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000.

Inda nake da ƙorafi shi ne, rabin manhajar bin sawun ma'aikaci ake kunnawa. Wadda ta san ka makara da minti goma, ai ta san ka wuce lokacin tashi da awa uku. Amma makarar ce ke fitowa a takardar albashi, awa ukun kuwa shiru kake ji. Alhali lissafin haƙƙi bai fi ƙarfinta ba: mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Kuma inda mutum ya kwana sirrinsa ne, ga dokar kare bayanai ta 2023.

Shugabannin ƙwadago da ke zaune a nan, kafin a damƙa wa mutanenku wayar nan, ku nemi a rubuta cewa kowa zai ga awanninsa a ƙarshen wata, zai iya ƙalubalantar lissafin in sabis ya ɗauke masa a ƙauye, kuma wayar za ta daina bin sa da zarar an tashi aiki.