Tabarau Mai Ma'auni a Ciki: Abin da Dogarin Daji da Maharbi Ke Bukata a Ƙasar Muniyo

Mai martaba sarki, ranka ya daɗe. Shugabannin kwamin ta Bune, Sarkin Baka da jama'arsa, abokan aikina na gandun daji. Rana ta take, bari mu shiga magana.

Halin da dajinmu ke ciki ba sai na karanta muku ba. An kafa gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 97,000. A 2016 aka yi ƙidayar dabbar dajin da ake kira adaks, aka ga guda 3 kacal. A 2019 aka yanke kusan rabin gandun saboda man fetur. Jimina kuwa sai a bayan waya a Kelle. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 tana nan a takarda. Abin da ya kawo ni yau ƙarami ne, yana shiga aljihun riga, amma shekara da shekaru muna ja-in-ja a kansa da masu tsara sayayya a ofisoshi: wane irin tabarau mai hangen nesa ya kamata a rataya wa dogarin daji da maharbi mai takarda?

Amsata ba ta sake ba. Ƙarami, mai lamba 8x30, wanda aka zana ma'auni a cikin gilashinsa.

Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 30. In ka raba 30 da 8 ka samu 3.75, wato faɗin hasken da ke isa ƙwayar idonka. Ƙaramin nan mai 10x25 da ake yawan kawowa tsaraba 2.5 yake bayarwa, da almuru sai duhu, alhali da asuba da almuru ne dabba ke fitowa. Mai 7x50 na jiragen ruwa ya fi kowa haske, amma nauyinsa ya kai kilo guda, wanda ya wuni a kan raƙumi ko babur zai cusa shi a jaka, tabaran da ke cikin jaka kuwa bai ga komai ba. Mai 8x30 kimanin rabin kilo ne. Masu son babbar lamba su sani: da an haura 10, rawar hannu ta ɓata hoton, kawalwainiyar tsakar rana ma ƙaruwa take yi tare da shi.

Yanzu ga ma'aunin, a nan nake so ku ba ni hankalinku. In ka duba ta ido ɗaya, galibi na dama, za ka ga layi a tsaye da layi a kwance, an tsattsaga su gida-gida. Awon ana ce da shi mil. Mil ɗaya shi ne abu mai tsayin mita 1 a nisan mita 1,000. Daga nan lissafi ɗaya ne tak: ka ɗauki tsayin abin da mita, ka ninka sau 1,000, ka raba da yawan mil ɗin da ya cika.

Mu gwada da abin da muka sani. Barewa daga ƙasa zuwa kafaɗa kimanin santimita 60 ce. Ka hau tudun yashi, ka hango ta a bakin kwari wajen goruba, ka ɗora ƙasan layin a kofatonta, kafaɗarta ta kai mil 3. Ka raba 600 da 3: mita 200. In mil 2 ta cika, mita 300. In 6, mita 100. Raƙumi mai tsayin mita 2 da ya cika mil 5 yana mita 400. Motar Land Cruiser ta ɗaukar kaya ita ma tsayinta ya kusa mita 2. In ta cika mil 2, kilomita guda ke tsakaninku, kuma dogari ya san ko zai tare ta ko zai kira taimako. Makiyayin da ya iya lissafin kuɗin bisashe a kasuwar Gure zai koyi wannan kafin azahar.

Akwai iyaka, kuma ita ce ke nuna wanda za a saya. In barewa ta cika mil ɗaya da rabi, kai kuwa ka karanta 2, ka ce mita 300 alhali tana 400. Rabin mil ya ci mita 100. Tabarau da yawa na soja tsaginsu mil 5 ne ko 10, an yi su don auna gini da mota, ba su isa ga ƙaramar dabba ba. A nemi mai tsagin mil ɗaya-ɗaya. A kuma tambayi irin mil ɗin: na ƙawancen NATO ya raba da'ira gida 6,400, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet gida 6,000, na lissafi zalla kimanin 6,283. Na farko bambancinsa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ba ya damunmu. Na Sobiyet ya kusa kashi 5, sai a gyara. Mai zuƙowa da sassautawa kuwa a bar shi a shago.

Me ya sa na nace a kan nisa? Ƙidayar namun daji ta gaskiya bin layi ake yi, kowace dabba aka gani a rubuta tazararta da layin, daga nan a fitar da yawanta a kowane murabba'in kilomita. Rahoton da ya ce an ga barewa goma sha biyu, babu nisa babu wuri, hira ce. Rahotanninmu da yawa haka suke, shi ya sa in an zauna da kamfanin mai ko da ma'aikata a Yamai ba mu da alƙaluman da za mu ajiye a tebur. Ga maharbi kuma, nisa shi ne ke hana shi ɓarna. Bindigar toka da mai harsashin warwatse ba su da tabbas bayan mita 40. Wanda ya harba a mita 80 rauni kawai ya yi, dabbar ta je ta mutu a wani kwari, dila ya ci. Da tabarau zai san mace ce ko namiji, mai ciki ce ko mai shayarwa, zabo ne ko tuje, kafin yatsa ya taɓa kunama.

Abokan aikina sun fi son na'urar lesa. Ta fi daidai, ban musa ba. Batirinta galibi CR2 ne. A nuna mini teburin da ake sayar da shi a kasuwar Bune. In hazo ya sauko, haskenta ba ya zuwa da nisa. Na ga waɗanda wani furoje ya raba, bayan damina biyu suna cikin kabad. Zanen da ke cikin gilashi ba ya cin batir. Wasu kuma sun ce za mu ƙara wa mafarauta ido su ƙarasa abin da ya rage. Waɗanda suka ƙarar da barewa da mota da babur suke kora ta har ta faɗi, ko su haske ta da fitila cikin dare, duk doka ta hana, kuma ba su taɓa bukatar tabarau ba. Maganar tsaro ita ce mai nauyi, tunda muna makwabtaka da jihar Difa: mutum da tabarau a daji zai iya shiga zargi. Maganinta a rubuta lambar tabaran a kan takardar farauta, jandarmomi su san da shi.

Wajen saye, araha ba ta ado. Masu jan gilashi da aka rubuta wa 60x60 ƙarya ce lambar. A ɗauki wanda aka toshe ƙura da ruwa ba sa shiga, wanda kowane ido ke da saitinsa, don wilin tsakiya yashi ke fara kamawa. Kafin ka biya, duba hasumiyar masallaci ko turken waya. In ka ga biyu, ko goshinka ya ɗaure, mayar. Sannan ka auna mita 100 da igiya, ka kafa sanda mai mita 1: dole ta cika mil 10. Kada a goge gilashi da gefen rawani, a hure yashin tukuna.

Roƙona ga kwamin: a sa kuɗin tabarau irin wannan a kasafin baɗi, kowane dogari da nasa, ba guda ɗaya a aljihun teburin shugaba ba. Sarkin Baka, ka zaɓo mana mutanenka masu takarda, mu fita bayan gari da igiya da sanda mu koya musu, a ba kowa littafin rubuta abin da ya gani da nisansa. Mai martaba sarki, ranka ya daɗe, kai za ka kira taron. In ka kira, za mu zo da igiyar.