Sarƙar Haraji da Bulalar Dogari: Yadda Matakan Iko Ke Haifar da Zalunci



Zan ɗauki misalina daga nan gida, ƙasar Wudil. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba su rushe sarauta ba. Gyara ta suka yi don ta yi musu aiki. Suka fito da hakimai daga birni, kowa ya koma gundumarsa ya zauna, Makama ya zauna a Wudil. Umarni kan taso daga Razdan zuwa Sarki, ya gangaro ga hakimi, hakimi ya miƙa wa dagaci, dagaci ya tura mai unguwa. Kuɗin haraji da jangali kuma su bi hanyar nan su hau har Baitulmali.

Abin lura shi ne kowa a jerin nan na samansa yake tsoro. Hakimin da ya makara wajen cika kuɗi rawaninsa na cikin haɗari, don haka sai ya matsa wa dagaci, dagaci ya sauke fushin a kan manomi. Idan damina ta yi gardama, kuɗin dai ba ya jira. Dattawanmu sun san sauran labarin: a shanya magidanci a rana gaban iyalinsa, a kama akuyar matarsa, a buɗe rumbu a auni hatsi. Wani ya tsere cikin dare, abin da ake kira gudun haraji. Bafulatani kuwa ya kora shanunsa daji kafin masu ƙidaya su iso.

To, ina talaka zai kai ƙara? 'Yan doka na En'e ne, wato hukumar gargajiya, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma haka. Mai karɓa da mai kamawa da mai yanke hukunci duk gidansu ɗaya. A ganina nan cutar take, domin an yi hakimai masu tausayi, amma tausayin nasu bai taɓa rage adadin da aka yanka wa gunduma ba. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, talakawan karkara suka gane yarenta nan take, kuma da yawa cikinsu suka sha ɗauri a kotunan nan.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano ya soke haraji da jangali.

Amma tsarin ya sake riga. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka tarar da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa. Galibinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, mai gidan shi ne mai tsaro kuma shi ne mai hukunci, ba wanda ke leƙawa daga waje. Cikin 'yan makonni aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da Zariya.